Amfilifayar jita a shagon ƙofar gida: wacce zan saya?

Wani matashi daga Gwammaja ya rubuto:

"Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 24, a shagon ƙofar gidanmu nake kwana. Shekara biyu ke nan ina koyon jita mai lantarki, kiɗan Buzayen Agadas ne ya ja ni ciki. Har yanzu da wata 'yar sifika nake fama, sautinta kamar ana magana a cikin gwangwani. Na kwashi adashi, ina so in sayi amfilifaya mai kwalba, don kowa cewa yake sautinta daban ne. Abokina ya samo min Fender Hot Rod Deluxe mai wat 40, gwanjon Amurka, ya ce in ban yi sauri ba wani zai ɗauka, kuma wai ƙananan na yara ne. Damuwata, bango ɗaya ne tsakanina da ɗakin Hajiyarmu, ga shi tana fama da hawan jini. Baba kuwa dama haƙuri kawai yake da jitar nan. Masallacin layinmu ma gida biyu ne tsakani. Ina tsoron in zuba kuɗina duka a abin da zai sa a ce in fitar da shi daga gidan. Me zan saya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya ja da ran Baba.

Tunda an ce maka ka yi sauri, bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka sayi mai wat 40 ɗin nan. Ba kushe ta nake ba. Tun 1996 kamfanin Fender ke yin ta, kuma mawaƙa da yawa sun ci abinci da ita. Amma don dandamali aka yi ta, inda mai ganga ke dukan fata da ƙarfinsa, jama'a kuma na hayaniya, ana neman muryar da za ta keta ta fito. Kai kuwa shago gare ka, da katifa, da bango ɗaya tsakaninka da mahaifiyarka. Ka gode wa abokinka da kyau, don alheri ya nufe ka da shi, ka ce masa wani ya ɗauka da albarka.

Yanzu in gaya maka dalili, don ba na so ka bi maganata ido rufe.

Abin da kake ji mutane na yabo a amfilifaya mai kwalba gaskiya ne. Kwalbar nan 'yar gilashi ce da aka zuƙe iskar cikinta, da siririyar waya a tsakiya wadda ke ɗaukar zafi in an kunna. Da irinta aka yi akwatunan rediyon kakanninmu, waɗanda sai ka kunna ka ɗan jira kafin murya ta fito. Da aka ƙirƙiro tiransista a 1947, sannu a hankali ta kori kwalba daga rediyo da talabijin, amma masu jita suka ƙi saki. Dalilinsu, in ka matsa wa kwalba ta wuce iyakarta, ba ta tsagewa da muni. Sautin kauri yake yi, ya ɗan shaƙe, ya yi wani gurnani mai daɗi kamar na goge a hannun gwani. Ka taɓa tsirkiya a hankali, ya fito wasai. Ka ɗan danne ta, ya yi ƙura. Yatsunka ne ke mulki. Wannan shi ne abin da kake shirin biya da kuɗin adashinka.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Wannan daɗin ba ya fitowa sosai sai kwalbar ƙarfi, wato wadda ke tura sifika, ta shiga aiki gadan-gadan. Hot Rod ɗin nan manyan kwalaben ƙarfi biyu gare ta, masu lamba 6L6, da sifika mai inci 12. Kafin su kai inda suke zaƙi, liman ya ji ka daga mihirabi. Abin da zai faru shi ne, za ka ajiye maɓallin murya a kan 1, kana lallaɓa shi kamar mai zare ƙaya, ka ɗan gota kaɗan ɗakin ya ɗauka, ka dawo baya sautin ya mutu. Ka sayi doki ke nan ka ɗaure shi a zaure. Ga nauyi kusan kilo 20, ga zafin da za ta riƙa hurowa a watan Afrilu a ɗakin da dama fanka ba ta isar sa.

Maganar "ƙananan na yara ne" kuwa, lissafin wat ne ke ruɗar mutane. Kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙara yadda lamba take a rubuce. Kafin ka ji ƙara ta ninka sau biyu, sai ka ninka wat sau goma. Ma'ana, mai wat 5 ƙararta kusan rabin ta mai wat 50 ce, alhali a takarda kashi ɗaya cikin goma take. Wat 1 kacal, in ya shiga sifikar jita, yana iya fitar da desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 90 zuwa 100 ga wanda ke tsaye mita ɗaya a gabanta. Hirar da ka saba yi da abokanka a bakin layi wajen desibel 60 ce. Masana lafiyar kunne kuma sun ce daga 85 ake fara taka-tsantsan in za a daɗe ana ji. Ka tuna yadda kake ɗaga murya in ka kai markaɗe kana so mai injin ya ji ka. Wat 1 a cike ba shi da nisa da haka. Fender Champ, wadda ta samo asali tun 1948, wat 5 ce da kwalbar ƙarfi ɗaya tilo, kuma manyan mawaƙa sun ɗauki faya-fayai da ita a situdiyo. Ba wanda ya ce musu yara.

Saboda haka ga abin da za ka nema: wadda ba ta wuce wat 5 ba, kuma tana da makunnin rage ƙarfi. Wannan makunnin shi ne zuciyar maganar. Yana barin kwalba ta yi aikinta a cike, sannan ya rage abin da ke isa sifika, ka samu gurnanin ba tare da ka tashi unguwa ba. Bugera V5 Infinium tana da shi, daga wat 5 zuwa 1 zuwa 0.1, da sifika mai inci 8 da ramin abin ji na kunne. Vox AC4TV tana sauka daga wat 4 zuwa 1 zuwa rubu'in wat, sifikarta inci 10, sai dai yanzu a hannu aka fi samun ta. Marshall DSL1CR wat 1 ce mai sauka zuwa 0.1, amma ta fi karkata ga masu son sauti mai tsananin ƙura. Blackstar HT-1R ita ma wat 1 ce, kuma sautinta ta abin kunne yana da kyau, abin da zai yi maka rana da daddare. Yayarta HT-5R, samfuri na biyu, wat 5 ce mai sauka zuwa rabin wat, da sifika mai inci 12.

In ni ne kai, ɗaya daga cikin biyun farko, Bugera ko Vox, zan ɗauka. Kiɗan da kake bi, irin na Agadas, yana son sauti mai haske wanda kowace tsirkiya ke fita daban, da ɗan kaushi a bakinsa, kuma kwalbar EL84 da ke cikinsu can ta fi ƙwarewa. Dalili na biyu na zaman Kano ne. Kwalabe biyu ne kawai a cikinsu, 12AX7 ƙarama wadda ke karɓar sautin jita, da EL84 mai tura sifika, kuma cikin kwalaben jita waɗannan biyun suna cikin mafi sauƙin samu a ko'ina. HT-5R ɗin da na ambata 12BH7 take amfani da ita, wadda in ta mutu za ka sha nema. Ka san kwalba abar ƙarewa ce kamar ƙwan fitila. Ta ƙarfin takan gaji bayan shekara ɗaya ko biyu in kullum ana kaɗawa, ƙaramar kan daɗe fiye da haka nesa. Masana'antun da suka rage suna yin su 'yan kaɗan ne, a Sulobakiya da Rasha da Sin, shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 suka yi wuya, kuɗinsu ya tashi a duniya baki ɗaya. Ranar da ka sayi amfilifayar, ka fara neman kwalba ɗaya ta kowane iri ka ajiye a cikin kwalinta. Daɗin masu kwalbar ƙarfi ɗaya, yawancinsu cire tsohuwa kawai za ka yi ka sa sabuwa, ba sai an yi wani saiti ba.

Ka kula da wani abu a kasuwa. Akwai waɗanda ake tallarsu da sunan masu kwalba, alhali 'yar ƙaramar kwalba ɗaya ce a gaba, ƙarfin kuwa na tiransista ne. Orange Micro Terror irinsu ce, kuma kamfanin bai ɓoye ba. Ba laifi gare su ba, amma ba su kake nema ba, kada a karɓi kuɗin wancan a ba ka wannan. Leƙa ta baya: ta gaske za ka ga kwalbar ƙarfi mai ɗan girma, da tiransifoma biyu, ɗaya ta wuta ɗaya ta sifika.

Sai maganar da ta fi tsaya min a rai a wasiƙarka, kalmar nan "gwanjon Amurka". Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Duk kayan da aka yi don kasuwarsu, in ka soka su kai tsaye a bangonmu, in ka yi sa'a fiyus ne zai tsinke, in ba ka yi ba tiransifomar wuta ta tafi. Na ga wannan da idona a Fagge. Wani abokina ya samu amfilifaya mai kyau daga can, ya haɗa ta da tiransifomar rage wuta, wata da watanni lafiya ƙalau. Ran nan ƙaninsa ya shiga yi masa shara, ya zare wayoyi don ya share ƙarƙashin tebur, da ya gama ya mayar da kowacce inda ya ga ta dace. Da yamma muka zo, abokina ya danna makunni. Ƙara ɗaya muka ji, ɗas, sai wani siririn hayaƙi ya taso ta baya, da warin ƙonannen fenti wanda ya kwana biyu bai bar ɗakin ba. Yaron ya tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, idonsa ya kawo ruwa, shi da ya zo taimako. Watanni aka yi ana neman tiransifomar da za ta maye gurbinta. Gidanmu na Hausa gidan yawa ne, shagon saurayi kuma ba ya rasa mai shiga, yau ƙane ya zo cajin waya, gobe ɗan yaya. Ƙari a kan haka, tiransifomar da aka naɗa don wutar Amurka takan fi ɗaukar zafi a tamu ko da an rage bolt ɗin, saboda tasu sau 60 take juyawa a daƙiƙa, tamu sau 50. Don haka abu na farko da za ka duba a kowace amfilifaya shi ne rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga. In ka ga 220, 230 ko 240, bismilla. In 120 ce kaɗai, ajiye ta. Kayan Ingila da na Dubai sun dace da mu, har filoginsu mai ƙafa uku irin namu ne.

Kada ka kashe kuɗin adashin duka a kan akwatin. Ware wajen kashi ɗaya cikin huɗu, don akwai 'yan rakiya. Ka san halin wutarmu: wani lokaci ta zo ƙasa har fanka na juyi da ƙyar, wani lokaci ta dawo da ƙarfinta bayan an ɗauke. In ta yi ƙasa, kwalba ba ta samun zafin da take buƙata, sai sautin ya yi laushi ya rasa kuzari, ka ɗauka amfilifayar ce ta lalace. In ta yi sama, kwanan kwalaben take ragewa. Sitabilaiza ƙarama mai 1000 ta ishe ka har da rara, amma ka nemi mai maɓallin jinkiri, wadda ke dakatawa kaɗan bayan an kawo wuta kafin ta saki. Ka mayar da wannan al'ada: ana ɗauke wuta, kashe amfilifaya, zare filogi. Za a juya layi zuwa janareta, kashe tukuna, sai injin ya daidaita. In da inbata ko sola kuke, tambayi wanda ya haɗa muku ko tana ba da wuta mai santsi irin ta layi. Masu arahar nan da ke sa fanka kuka, haka za su sa sifikarka zuzzz ba ƙaƙƙautawa, su kuma gasa tiransifoma.

Akwai kuma wayar ƙasa, ƙafa ta uku ta filogi, wadda gidaje da yawa a cikin gari ba a haɗa ta da komai ba. A nan ina roƙonka kada ka yi wasa. Tsirkiyoyin jita mai lantarki a haɗe suke da jikin ƙarfen amfilifaya ta cikin igiyar da ka soka. In wuta ta zille a ciki, kuma babu hanyar da za ta bi ta shige ƙasa, ta yatsunka za ta bi, musamman in ƙafarka ba takalmi a kan siminti, ga gumi. Kira mai gyaran wuta ya gwada soket ɗin shagonka, in babu ya kafa maka sandar ƙarfe a ƙasa ya ja waya. Kuɗin ba shi da yawa, kuma zai rage maka gunjin da kan zauna a ƙarƙashin sauti. Kada ka yarda wani ya karya ƙafar nan ta uku don filogi ya shiga soket mai rami biyu.

Dokoki biyu kuma da ba su da sassauci. Ta farko, ba a kunna amfilifaya mai kwalba ba tare da sifika a jone ba, don ƙarfin da ya rasa mafita tiransifomar sifika yake komawa ya ci. In kana son ji kai kaɗai, ta ramin da aka yi don abin kunne za ka bi, kada ka zare wayar sifika. Ta biyu, kada ka kwance cikinta. Akwai bolt 300 ko fiye a ciki, kuma wasu sassan suna riƙe wutar ko bayan ka zare filogi. Canza kwalba daga waje, bayan ta huce, wannan naka ne. Abin da ya wuce nan na mai gyara ne, kuma ba kowane mai gyaran waya ba. Ka nemi dattijon da ya koyi sana'a tun zamanin rediyo da talabijin masu kwalba. Masu kiɗa a majami'un Sabon Gari da 'yan situdiyon Zoo Road sukan san inda suke kai nasu, tambaye su.

Wajen saye, fara da shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari, amma ka je da haƙuri, don kasuwarsu ta fi ƙarfi a kan fiyano da manyan sifikun taro, ƙananan masu kwalba ba kullum ake samu ba. Mai yiwuwa sai an aiko maka daga Alaba a Legas, ko wani mai dawowa daga waje ya riƙo maka. Ko ta ina ne, kada ka yi cinikin biri a sama. In daga nesa ce, a kunna ta a kiran bidiyo kana gani, a nuna maka rubutun baya, kuma a cire kwalaben a naɗe su daban kafin a ɗora ta a mota, don hanyar Legas zuwa Kano ba ta tausayin gilashi.

In kuwa a gabanka take, tafi da jitarka da igiyarka, waɗanda kunnenka ya saba da su. Kunna, ka ba ta kamar minti ɗaya ta ɗumama. Leƙa ta baya: ɗan haske ruwan lemo a tsakiyar kwalba, kamar garwashin da ya kwanta, lafiya ke nan. In ka ga faifan ƙarfen da ke cikinta ya yi ja gaba ɗaya, kashe nan take, akwai matsala. In saman kwalbar da ya kamata ya yi sheƙin azurfa ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, ta mutu. Kafin ka kaɗa komai, yi shiru ka saurara. Ɗan huci kaɗan ba komai, amma gunji mai kauri ko tartsatsi kamar ana suya alamar aiki ne a gaba. Murɗa kowane maɓalli daga farko har ƙarshe. Ƙarar ƙarararas yawanci ƙura ce, ana wanke ta, amma dalili ne na neman ragi. Ɗauki fensir ka ɗan ƙwanƙwasa ƙaramar kwalbar da gefen robar: in ta amsa ta sifika da ƙara kamar an buga kofin gilashi, ta kusa canji. Sannan ka kaɗa, kuma ka daɗe, minti 20 aƙalla, don wasu cututtukan ba sa fitowa sai kaya sun yi zafi. Mafi muhimmanci, gwada ta a mafi ƙanƙantar ƙarfinta, a ƙarar da za ka yi amfani da ita a gida. Mai shago zai so ya buɗe ta har ƙarshe don ta burge ka. A kasuwa komai shiru yake zama saboda hayaniya. Abin da ka ji daidai a can, a shagonka da daddare aradu ne.

Zan faɗa maka wata gaskiya kuma, ko da ba ita ka zo nema ba. In ka duba ka ga a layinku wuta ba ta zama, yawancin lokacin da kake da sukunin kaɗawa duhu ne, to mai kwalba za ta fi zama ado a kusurwa. Akwai marasa kwalba da ke kwaikwayon sautin har su ruɗi kunne, irin Boss Katana 50 mai sauka zuwa rabin wat, ko Roland Micro Cube da ke aiki da ƙananan batura shida. Ba abin kunya ba ne, kuma yatsun da suka ƙware a kan waccan ba za su ɓata a kan wannan ba. Amma in zuciyarka ta kafe a kan kwalba, kuma wutar tana samuwa, na fahimce ka sarai, ni ma ita nake so.

Yanzu mu dawo gida, don can ne ainihin tambayarka take. Na lura ba ka ce Baba ya hana ba, ka ce haƙuri yake. Haƙurin uba jari ne, kada ka cinye shi. Kafin akwatin nan ya shigo gidan, ka samu Baba a lokacin da ya natsu, ka durƙusa ka gaya masa abin da kake shirin saye, da cewa ka zaɓi ƙarama ne musamman saboda Hajiya da masallaci. Kada ya fara ganin ta a bayan adaidaita a ƙofar gida. Ka yanka wa kanka lokaci da bakinka tun kafin a yanka maka: bayan La'asar zuwa gabanin Magariba, misali. Ana taɓa lasifikar masallaci, ka kashe ka tashi. Bayan Isha sai ta abin kunne. Ranar da aka yi rashi a layin, ko aka ce jikin Hajiya ya motsa, jitar ta huta gaba ɗaya. Maƙwabcin da bangonsa ke kusa, ka gaishe shi ka ce in ya taɓa jin ta dame shi ya aiko yaro. Mutum in ka ba shi wannan girman, da wuya ya kai ƙararka.

Ɗakin ma ana iya taimaka masa. Kada ka ajiye amfilifayar a ƙasa ko ka jingina ta da bangon Hajiya, don sauti mai kauri ta siminti yake bi ya ratsa, kuma in bayan akwatin a buɗe yake, yana fitar da ƙara kamar gaban. Ɗora ta a kan kujera, ka sa filo ko ninkakken bargo a ƙarƙashi, ka ɗan karkata ta sama ta kalli kunnenka. Yawancin masu ƙure murya suna yi ne don sifikar gwiwarsu take kallo, ba sa jin kansu. Shimfiɗa kafet, sa labule mai kauri, in akwai durowar kaya matsar da ita jikin wancan bangon. Toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya hana ƙara fita, matattarar ƙura da kyankyaso kawai yake zama, ga haɗarin gobara. Bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin bayanta da bango don ta sha iska, a lokacin zafi ka juyo mata fanka. Da hunturu kuma, in ka gama ka bari ta huce sannan ka lulluɓe ta da zane, don ƙurar nan tamu ba ramin da ba ta shiga.

Ranar da ta iso, ga abin da nake so ka yi kafin ka kira ko aboki ɗaya ya zo gani. Nemi izinin Hajiya, ka sa ƙanwarka ta zauna a bakin gadonta, ƙofofi a rufe yadda aka saba. Sa makunnin rage ƙarfi a mafi ƙanƙanta, ka fara kaɗawa, kana ƙara murya kaɗan-kaɗan, har ta ƙwanƙwasa maka bango alamar ta fara ji. Daga nan koma baya kaɗan, ka ɗiga jan farce a daidai wurin a jikin maɓallin. Ka maimaita gwajin da daddare bayan gari ya yi tsit, don iyakar rana daban ta dare daban, ka ɗiga na biyu. Sannan ka shiga ciki ka tambayi Hajiya da kanka ko akwai lokacin da take so a bar mata shiru wanda ba ka sani ba, ƙila bayan ta sha maganinta ne, ƙila lokacin da take lazimi. Abin da ta faɗa, rubuta shi ka manna a gefen akwatin.

In ka samu wadda ta kwanta maka, kafin ka biya ka ɗauki hoton rubutun bayanta da na kwalaben ka turo min, zan duba maka. Allah ya sa albarka a kuɗin, ya ba Hajiya lafiya mai ɗorewa. Ka gaishe min da Baba.